Shawarwarin Masu Tonon Yartsa Gunbu

Da aka tattauna kan yartsa gunbu, naman gwarin da ke tsirowa daga kan mataccen tsutsa a tsaunukan Tibet, Nepal da Bhutan, bakin masu tono ya zo ɗaya: a daina kwashewa ƙarƙaf. Wanda ya tsufa a ƙarshen Yuni, jikinsa ya yi laushi, ba ya kuɗi, kuma shi ke watsa irin baɗi, don haka a bar shi.

In ka tona, mayar da ƙasar ka danne. Kada a sare 'yan itatuwan tsauni don girki.

Wajen sayarwa, an yaba tsarin Bhutan, wadda ta halatta tonon a 2004: takardar izini, lokaci ƙayyadadde, sannan gwanjo a fili. Ni ma nan na fi karkata, don dillali ba ya samun damar danne farashi a ɓoye.