Yar'Adua da Buhari: me mutum zai gani in ya je Katsina da Daura?

Malam_Gwarzo:
Salamu alaikum jama'a. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Kano, muna son kai ƴan SS2 yawon buɗe ido a wannan zangon, sai na ce me zai hana mu yi Katsina tunda jiha ɗaya ta fitar da shugaban ƙasa har biyu, marigayi Umaru Musa Yar'Adua da marigayi Buhari, Allah ya jiƙansu. To wai akwai abin da yara za su gani da ido kuwa ko dai kawai za mu ƙona mai a banza? Kuma Katsina da Daura za su yiwu a yini ɗaya? Katsinawa ku taimaka don Allah.

Bakatsine_Asali:
Wa alaikumus salam Malam. Akwai mana, amma kar ka sa ran irin na Bauchi inda aka yi wa Tafawa Balewa ƙaton gini da ɗakin ajiye kayansa, mu nan ba haka ba ne. Matawallen Katsina, wato Umaru Yar'Adua, a maƙabartar Ɗan Marna aka binne shi washegarin rasuwarsa, ya rasu 5 ga Mayu 2010, kuma maƙabarta ce ta jama'a, in ba wani ɗan gari ya nuna maka ba wallahi sai ka wuce kabarin ba ka sani ba. Mahaifinsa Musa Yar'Adua wanda ya yi ministan harkokin Legas da yayansa Janar Shehu da ya rasu a kurkukun Abakaliki 1997 duk can suke. Sunan wurin ma daga Wali Ɗan Marna ne, kun ga tarihi biyu kenan. Daga nan ku biya unguwar Ƴar'aduwa ku ga gidan gado daga waje.

Amma ni inda zan fi ba ka shawara shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka buɗe 1922, yanzu gidan tarihi ce. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, kana shiga za ka ji sanyi ko da rana ta take, ka ɗaga kai ka ga azara. Nan Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, ita ce aka mai da Kaduna 1938 daga baya Zariya ta zama Barewa, kuma shi kansa Umaru Barewa ya yi. Sai ka ja wa yara zaren daga nan. Hasumiyar Gobarau ba nisa, kar ku tsallake ta.

Uwar_Hanan:
Malam ni fa uwa ce, batun kai yara maƙabarta da sunan yawon buɗe ido bai kwanta min ba sam. Yaran yanzu kowa da waya, kafin ka ankara sun fara selfi a kan kaburburan mutane ana ta dariya, kuma in akwai ƴan mata a cikinsu ai ka san sai an yi magana. In za a je a je ziyara, a yi sallama a yi addu'a a fito, wayoyi a bar su a mota.

Malam_Gwarzo:
Hajiya maganarki gaskiya ce, zan tuntuɓi shugaban makaranta da iyaye tukuna. To Daura fa?

Ɗan_Kusugu:
Yallaɓai Daura daga Katsina wajen kilomita 80 ne, titi ɗaya, amma tunda daga Kano za ku taso gara ku biyo ta Kazaure ku fara da Daura da sassafe sannan ku gangara Katsina. Baba Buhari a cikin gidansa na GRA aka sa shi ranar 15 ga Yuli 2025 bayan ya rasu a Landan, to ka ga gida ne na iyali da jami'an tsaro a ƙofa, ba wurin da bas cike da ɗalibai za ta tsaya kawai a ce a buɗe ba, sai kun rubuta takarda tun da wuri kuma ko an ce a'a kar ku ji haushi. Abin da ke hannu shi ne fadar Sarki da rijiyar Kusugu, a ba su labarin Bayajidda su leƙa rijiyar su ja ruwa da guga, wannan kam yara ba sa mantawa. In ka tambaye ni yini ɗaya ya yi kaɗan, azahar za ta same ku a Daura, ku nemi makarantar da za ta ba ku masauki a Katsina ku kwana, kar ku yi tafiyar dare da ƴaƴan mutane.

Bakatsine_Asali:
Na manta, Buhari da Janar Shehu ajinsu ɗaya a sakandaren lardi ta Katsina wadda yanzu ake ce wa Government College, in kun rubuta wa firinsifal ɗin ina ga zai bari ku zagaya. Malam bas nawa ce kuma wace rana?