In teku ya cinye ƙasarku, ku ƴan ina ne kuma?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a WhatsApp, wai ministan wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, Tubalu, ya sa kwat ya tsaya cikin teku, ruwa har gwiwa, yana jawabi. Gaskiya ne ko haɗi ne? Kuma in ƙasar ta nutse, mutanenta ƴan ina za a ce da su?

Mushe na Sabon Gari:
Ba haɗi ba ne ƙanena, Simon Kofe ne, a 2021 ya yi shi don taron yanayi na Gilasgo. Su duka ƙasar wajen mutum dubu 11 ne, kuma wurin da ya fi tudu bai kai mita 5 ba. Amma kar ka zaci rana ɗaya ruwa zai rufe su, a'a, gishiri ne ke fara shiga ramukan da suke shuka pulaka, wani abu mai kama da gwaza, ya ƙona shi tun daga saiwa, to wanda bai noma abincin kakansa ba sai shinkafar kanti me zai koya wa ɗansa? A 2023 sun yi yarjejeniya da Ostireliya, mutum 280 za su riƙa ƙaura can kowace shekara, sun kuma rubuta a tsarin mulkinsu cewa Tubalu na nan har abada. A takarda kenan.

Maman Hadiza:
Ni kaburbura ne suka tsaya mini a rai wallahi. A tsibiran Torres na arewacin Ostireliya ruwa ke tone makabarta, mutum ya bi bakin teku yana tsintar ƙasusuwan kakanninsa. Sun kai ƙarar Ostireliya, a 2022 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba su gaskiya. Gida kan tashi, amma makabarta ina za a kai ta?

Na Garin Malam:
Hajiya a yi haƙuri, mu da muke layin jarka tun asuba a Damagaram, waɗanda ruwa ya yi wa yawa za mu tausaya wa?

Mushe na Sabon Gari:
Ai ƴan Tubalu ma ruwan shan ba su da shi malam, sai na sama da suke tarawa a tanki. Kuma ba sai ka je nesa ba, tambayi Buduma na tsibiran Tafkin Cadi, nasu ruwan ja da baya ya yi, Gigimi da ke bakin ruwa ta koma tudu. Ko Bororo da fārin 1984 ya kashe wa shanu suka shigo gari gadi.

Ɗan Birni:
Na gode Mushe. Kakata ma daga wajen Gure suka taso, rairayi ya binne musu gona, mu jikoki ko gaisuwar Barebari ba mu iya ba.