Akis ɗin injin niƙa ya tada ƙura a zauren masu sana'ar ƙarfe na Damagaram

Habu Mai Injin: Jama'a, raina a ɓace yake. Na kai aikin akis, sandar ƙarfen da ke juyawa cikin injin niƙana, wurin wani mai tur, wato injin sassaƙa ƙarfe, na ce masa rulma (boris) mai lamba 6205 za ta hau, raminta milimita 25 cif. Ya ɓata yini yana goge akis ɗin daga kai har gindi yana walƙiya, ya caje ni kuɗin yini, amma ya cinye mazaunin rulma. Sati biyu rulma na rawa, injin ya tsaya, mata sun kwashe geronsu sun koma wani wuri. Mazaunin rulmar kaɗai ke son awo na tsanani, sauran ko da kaushi ba komai, kuma aikin ya fi araha. Maƙeran garin nan da ido suke awo.

Usta Lawali: Habu, wa kake ce ma maƙeri? Mu lakkol muka yi, da takardarmu.

Ɗan Maƙera: Usta, wato maƙeri zagi ne? Kakanninmu suka ƙera igwa zamanin Sarki Tanimun, ba tur, ba wutar lantarki. Ka janye maganarka.

Usta Lawali: Ƙanena, ban zagi kowa ba. Mai uwar maƙera da zugazugi daban, mai tur daban.

Ɗan Maƙera: Lauje da haiwar da ubanka ya yi noma da su fa, a lakkol aka yi su?

Sani Zango: Ku tsaya. Habu na da gaskiya. Mazaunin rulmar nan bai kamata ya gaza milimita 25 ba, sai dai ya ɗara da abin da bai kai milimita 0,02 ba. Gashin kai ya fi wannan kauri. Sai da palmer, na'urar awon ɗan ƙanƙanin kauri, ake ganinsa, kuma garaji nawa ke da ita?

Alhaji Mutari: Shi ya sa ni kasuwar Ƙofar Ruwa nake sayowa a Kano, in huta.

Sani Zango: Alhaji, kai da ke saida kayan Kano me za ka ce dama?

Alhaji Mutari: Yaro, na girmi babanka. Ka iya bakinka.

Ɗan Maƙera: Har yanzu Usta bai janye ba.

Hajiya Rabi: Ni dai da na kawo markaɗe aka ce injin ya mutu, unguwar Birni na tafi da ƙafa cikin rana.

Malam Isufu, shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, an taɓa mutuncin maƙera, gidan da ni ma na fito, kuma Usta Lawali ne ya fara. Sai ya ba da haƙuri. Batun Alhaji da Sani, za mu haɗu bayan la'asar.

Habu Mai Injin: Malam, ni fa na fara cewa maƙera, ku yafe ni. Amma wa ke da palmer in kawo masa akis ɗin gobe da safe?