Me za mu kira "macro" da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina koya wa sakataren ƙungiyarmu ta manoma aikin Excel. Shafi biyu ne a gabansa: na waɗanda suka yi rajista, da na waɗanda suka biya kuɗin taki. Yana son gano duk lambar wayar da ta fito a duka biyun. Na rubuta masa makuro (macro), wato ɗan shirin da ke sa Excel ta yi aikin da kanta, sai ya ce, "Malam, mene ne sunansa da Hausa?" Na rasa amsa.

2/ Ga aikin makuron: ya ɗauki lamba a shafin farko, ya bi na biyu layi-layi, in ya ga irinta ya shafa wa gurbin launi, ya wuce ta gaba. Da yaren VBA ake rubuta shi, wanda ya shigo Excel tun 1993.

3/ An kawo mini shawarar a kira shi "ɗan aike". Ta yi daɗi a baki, amma ban karɓa ba. Ɗan aike in ya ga abin da ya shige masa duhu zai dawo ya tambaya. Makuro ba ya tambaya. Lambar da ta fara da 080, in Excel ta ɗauke ta a matsayin adadi sai ta yar da sifirin farko, alhali a ɗaya shafin sifirin na nan. Mutum zai gane lamba ɗaya ce, shi kuwa wucewa zai yi. Manomi ya biya kuɗinsa, a ce bai biya ba. Kuma in ya yi ɓarna, Ctrl da Z, maɓallan soke abin da aka yi, ba sa gyara ta. Ba na son sunan da zai sa sakatare ya saki jiki.

4/ "Hadda" ta fi kusa, tunda Excel na iya naɗar abin da ka yi ta maimaita. Sai dai irin wannan mai sharaɗin "in ka samu, yi kaza" ba naɗarsa ake yi ba, rubuta shi ake yi.

5/ Ni dai na tsaya a kan "dunƙulen umarni". Asalin ma'anar ke nan: umarni ɗaya da aka cusa wasu da yawa a cikinsa, sai an kunna shi yake warwarewa. Na gwada a baki: "Kunna dunƙulen ya fito mana da lambobin da suka zo ɗaya." "Ajiye kundin a .xlsm, nau'in da ke riƙe makuro, in ba haka ba dunƙulen zai salwanta." Ta zauna, kuma sakatare ya gane nan take.

6/ 'Yan uwa masu koyar da kwamfuta a Maraɗi da Damagaram, ku da kuka koye ta da Faransanci, me kuke ce wa ɗalibanku?