Ta yaya zan kwatanta nauyin maruƙan damina da na rani?

Assalamu alaikum masana kiwo. Ina zaune a Kano, ina da ɗan garken Bunaji da Bokoloji a hanyar Wudil, kuma ina son in zaɓi maraƙin da zai zama bijimin garke bisa awo.

Ba ni da sikelin shanu, da tef nake auna ƙirji don in ƙiyasta nauyi, daidai bayan ƙafafun gaba, da sassafe kafin su sha ruwa, ranar haihuwa da ranar yaye. Na bi lissafin kwana 205 na masu shanun nama a Amurka: a cire nauyin haihuwa daga na yaye, a raba da kwanakin maraƙin, a ninka da 205, sannan a mayar da nauyin haihuwar.

Abin ya ƙi. Kullum 'yan Yuni da Yuli ne a sama, na Janairu zuwa Maris a ƙasa, ko da ubansu ɗaya. Wannan ai ciyawa nake aunawa, ba jini ba. Na ƙara wa iyayen na rani harawa da dusa da angurya, tazarar ta ragu amma ba ta rufe ba. Ga kuma tatsa, wasu shanun ana tatsarsu fiye da wasu, maraƙin ne ke kwana a ciki. Da na raba su bisa watan haihuwa, sai kowane rukuni ya koma biyu ko uku, babu abin kwatantawa.

A ƙaramin garke irin wannan, wane lissafi zai ba ni damar kwatanta maraƙin damina da na rani ba tare da na zalunci ɗaya ba? Na gode.