Zanen tafiyar aiki: da me kuke gane ma'aikata sun fahimce shi?

Malam Sani, Kakuri: Assalamu alaikum jama'a. A kamfaninmu an ɗauko wani ƙwararre ya zana mana yadda oda ke tafiya, tun daga shigowarta har a loda kaya a mota. Da BPMN ya yi, tsarin nan na akwatuna da kibiyoyi wanda ƙungiyar OMG, mai tsara ƙa'idojin fasahar kwamfuta, ta fitar da na 2.0 a 2011. An manna a bango, manaja ya yaba. Amma har gobe mai sito waya yake bugo mini, wai wa zai sa hannu kafin ya saki kaya. Waɗanda suka taɓa wannan harka, da me kuke auna zane?

Hajiya Binta, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Malam, fara da ƙirga. A 2010 masana uku, Mendling da Reijers da van der Aalst, sun fitar da ƙa'idoji bakwai na irin wannan zane. A ciki akwai cewa in abubuwan da ke cikinsa sun haura 50 a raba shi, kuma mafari ya zama ɗaya, ƙarshe ɗaya. Wadda ta fi yi mini amfani ita ce ta rubutun cikin akwati: a sa aiki tare da abin da za a yi wa aikin. A makarantar kuɗin da nake, an rubuta "Rasit" kawai a wani akwati. Kashiya ta ɗauka ita ce za ta rubuta shi, akanta ya ɗauka nasa ne ya duba, iyaye kuwa na tsaye a taga da shaidar biya ta banki a hannu. Da aka mayar da shi "Buga wa rasit hatimi" a layin akanta na cikin zanen, gardama ta mutu.

Injiniya Kabiru, Barnawa: Yawan akwatuna ba shi ya fi ba ni ciwon kai ba, mararraba ce. Akwai ma'aunin wani masani Cardoso, wanda ke ba kowace mararraba maki: yawan maki, yawan rikitarwa. Mararrabar da ake zaɓar hanya guda cikin uku, maki 3. Wadda ake bin duka hanyoyin lokaci ɗaya, maki 1. Wadda aka ce a bi ɗaya ko biyu ko duka ukun, maki 7, don duk wata haɗuwa sai mai karatu ya riƙe ta a ka. In hanyoyin huɗu ne ya tashi 15. Ni duk inda na ga irin ta ƙarshen nan, da mai zanen nake zama mu fasa ta.

Aisha, Tudun Wada: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma na ga zane mai ƙaramin maki da ba wanda ya iya karanta shi, saboda an matse shi a takarda guda, kibiyoyi na tsallake juna. A asibitin da nake, nas da mai ba da kati muke miƙa wa zanen, mai zanen ya yi shiru. Sai a yi musu tambayoyi: za a iya ba da magani kafin a biya? In likita ya tura gwaji, ina kati zai koma? Muna rubuta amsa nawa suka ci da minti nawa suka ɗauka. Inda mutum ya ɗora yatsa ya tsaya yana juya takarda, nan muke zagayewa da jan biro.

Baba Audu, Kawo: 'Ya'yana, ku ƙara da wannan. Zane na iya zama mai sauƙin ganewa kuma ƙarya ne. Lokacin ina aikin gwamnati an zana mana tafiyar fayil tsaf, amma ba a sa teburin da fayil ke kwana idan maigida ya yi tafiya ba. Masinja ne kaɗai ya san da shi, shi kuma ba a tambaye shi ba. Sani, ɗauki oda ɗaya ka bi ta da ƙafa, zane a hannu.

Malam Sani, Kakuri: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba namu, akwai mararrabar da Injiniya ya faɗa daidai gaban sito. Malama Aisha, don Allah tambayoyin nan a rubuce kuke ba su ko da baki? Mai sitonmu ya fi sakin jiki da Hausa.