Damina ta ƙarato ga goyo a baya: in yaye ta ko in sake ɗage aikin?

Mai Kiwon Sauro:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma sai kun yi haƙuri na faɗi yadda aikina yake, don a nan gizo ke saƙar.

Ina koyarwa a sashen nazarin halittu na wata jami'a a nan Arewa, kuma ina shekara ta biyar a digiri na uku. Bincikena a kan anofilis ne, sauron da ke kawo zazzaɓi: ina duba ko maganin da ake sa wa gidan sauro har yanzu yana kashe shi, ko ya daina jinsa. In ruwa ya zauna sai mu ɗauki ludayi da bokiti mu bi kududdufai da fadamun shinkafa da sawun tayar mota, mu kwaso tsutsar sauro. A leb, wato ɗakin gwaji, a zuba ta a faranti, kullum a barbaɗa mata garin abincin kifi, in ta fashe ta zama sauro a sa a keji a riƙa ba shi ruwan suga a auduga. Matan sauro kaɗai ake so, 'yan kwana 3 zuwa 5, waɗanda ba su taɓa shan jini ba. A zuba kamar 25 a bututu mai takardar magani, su yi awa ɗaya cif, a mayar da su bututu mai tsabta, bayan awa 24 a ƙirga matattu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, sauron wurin ya fi ƙarfin maganin.

To sauro bai san Juma'a ba, bai san suna ko biki ba, bai san yarinya ta kwana tana kuka ba. In na cire su daga magani ƙarfe 11 na safiyar Asabar, ƙarfe 11 na Lahadi dole ina tsaye a kansu. Kuma aikin na damina ne kawai. Ta 2022 yajin aikin jami'o'i ya cinye ta, daga Fabrairu har Oktoba leb a garƙame. Ta 2023 ina laulayi, likita ya ce in nisanci takardun maganin. Ta bara ina da ɗanyen goyo, ga ɗinkin tiyata. Cikin Satumba na gwada zuwa da ita a baya. Ina zuƙo sauro daga keji da robar da muke sawa a baki, kawai ta miƙo hannu ta fisge robar. Keji ya buɗe, kiwon kwana goma ya watse a ɗaki, ita kuma ta koma gida goshi duk cizo. Na san sauron da aka raina tun yana tsutsa ba ya ɗauke da ƙwayar cuta, amma uwar mijina ba ta karanta wannan ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu watanta 14. Yayyenta biyu maza suna firamare. Abbansu a Abuja yake aiki, ya zo Juma'a da dare ya koma Litinin da asuba. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ce da ruwa ya sauka za ta koma ƙauye. Malamin da ke duba aikina ya faɗa mini ƙarara cewa in na rasa wannan daminar, shi ba shi da bakin da zai sake roƙar mini ƙarin lokaci. Mamata a Funtuwa ta ce in yaye ta in kawo mata ita har kaka. Hajiyar maigidana ta ce ba a yaye mata jika kafin shekara biyu. Waɗanda suka bi ta wannan hanyar, don Allah ya kuka yi?

Tsohuwar Lakcara:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a ilimin sinadarai nake, amma na san wannan kukan, na yi shi da 'ya'ya biyar. Sai da na shekara 46 na gama digirin da kike fama da shi, lokacin wasu da muka shiga aiki rana ɗaya sun zama farfesoshi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Amma na ga kuskure a lissafinki. Kin ɗauka komai sai da hannunki. Ciyar da tsutsa da canza auduga ba ya buƙatar mai digiri biyu. Ki samu ma'aikacin leb ɗaya mai amana da ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe da ke neman abin rubuta kundinsu, ki koya musu tun yanzu kafin ruwa ya zauna, ki riƙa ba su na mota daga aljihunki, ki kuma sa sunan ma'aikacin a takardar da za ki wallafa. Ke naki shi ne ranar sa magani da ranar ƙirga. Kuma da bakinki kika ce kwana 3 zuwa 5. Ai sarari ne aka ba ki. Me zai sa ki fara gwaji ranar Asabar? Ki tsara kwasar tsutsa yadda gwajin zai riƙa faɗowa tsakanin Litinin da Alhamis. Ba kullum zai yi daidai ba, amma zai rage.

Batun yaye kuwa, maimakon a kai jika wurin kaka, a kawo kaka wurin jika. Mutane na son kawo misalin Marie Curie, wai ta ci kyautar Nobel sau biyu, 1903 da 1911, tana da 'ya'ya mata biyu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne baban mijinta, likita ne, ya tare a gidansu bayan rasuwar matarsa, shi ya yi rainon babbar 'yar tana leb. Ko ita ba ita kaɗai ta yi ba.

Sannan ki rubuta wa makarantar manyan digiri takardar neman ƙarin lokaci yau ɗin nan, ki haɗa da takardar asibiti da ta hutun haihuwa, a buga miki hatimi a kwafinki. Maganar baka ba ta shiga fayil.

Baban 'Yan Biyu:

Malama, na karanta har ƙarshe ina jiran in ga inda aka ɗora wa maigida wani abu, ban gani ba. Matata ma'aikaciyar gwajin jini ce a asibiti, tana kwanan aiki sau biyu a mako. Lokacin da 'yan biyunmu suke ƙanana ni nake kwana da su. Na koyi dama koko ba gudaji, na koyi canza ƙunzugu a duhu da fitilar waya a baki. A majalisa an kira ni mijin-ta-ce har aka gaji.

Shi ma Abban yara yana da hutun shekara. Ya ɗauke shi a Agusta, lokacin da aikinki ya fi zafi, yaran ma suna dogon hutu. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza in an yi musu haihuwa, wato har hukuma ta yarda uba na da aiki a gida bayan cefane. Kuma ayar shayarwa a Baƙara da ta ambaci shekara biyu, ita ce dai ta ce in iyaye biyun suka yi shawara suka yarda da yaye, ba laifi a kansu. Ku biyu aka ce. Ki zaunar da shi, shi ya san yadda zai yi da Hajiyarsa.

Nas Mai Ritaya:

Ni dai ba zan shafa miki mai ba 'yata. Kada ki yaye yarinya a damina. Shekara talatin na yi a ɗakin yara, na san watannin da gado ke cika: gudawa da amai da zazzaɓi, kuma sabbin yaye su ne kan gaba. A raba ta da nono a raba ta da uwa rana ɗaya, ga sabon ruwan sha? Ke da kike ƙirga gawar sauro kin fi ni sanin abin da Agusta yake. Ki bar mata nonon safe da na dare, da rana ta ci abinci, ai ta kai. Duk inda take kuma a tabbata ta sha maganin kariyar zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata a damina. Digiri ba ya gudu.

Mai Kiwon Sauro:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama Nas, na ji batun yaye kuma na janye. Amma digiri yana gudu wallahi, akwai wa'adi, in ya wuce sai a soke rajista, shekara biyar ta tafi a banza.

Anti Lakcara, na kira Funtuwa. Mama ta ce ba za ta iya barin Baba wata uku ba, ƙafarsa ta matsa masa, amma za ta turo mini ƙanwarta da ke zawarci. Na yi magana da ma'aikacin leb ɗinmu, ya yarda, sai dai ya ce ranar Laraba ba ya nan, yana kai mahaifinsa wankin ƙoda. Takardar na rubuta, tana jakata, mai hatimin ne bai zo ofis ba yau. Baban 'Yan Biyu, na tura wa Abbansu abin da ka rubuta. Ya turo alamar dariya, ya ce sai ya zo Juma'a.

Jiya da dare an yi ruwa sosai a nan. Da safe na leƙa ramin da masu bulo suka bari a bayan gidanmu, ya cika. In ya zauna haka, nan da mako ɗaya akwai tsutsa. Ko akwai wanda ya san inda zan samu yadin gidan sauro marar magani a Kantin Kwari? Kejina uku ɓera ya huda.